Shekarun da Muka Ara wa Baba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, washegarin ranar da muka gama karɓar gaisuwar mahaifina, wayarsa ta yi ƙara a aljihun farar rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa. Na riƙe lokacin ne domin ina zaune ina kallon agogon bango, na rasa abin yi da kaina. A wancan lokaci ni ɗaliba ce a nan Makka, ina karatun harshen Turanci, kuma duk wanda ya san ni da shiru ya san ni. In baƙi suka zo gida, ɗaki nake shigewa da littafina. A aji ma sai in san amsa in bar ta a cikina. Abu ɗaya da ake yabona da shi shi ne tsanaki, domin ba na barin aiki sai na bi shi harafi harafi. Ban taɓa tunanin wannan halin ne zai kai ni inda ya kai ni ba. Na rubuto muku ba tare da suna ba, don akwai waɗanda ke cikin labarin da har yanzu muke cin abinci a faranti ɗaya.

Kakanmu daga ƙasar Zazzau ya zo aikin hajji, bai koma ba. A unguwar Misfala aka haifi Baba, can ya tashi yana sarin turare da darduma da carbi yana rarraba wa masu shaguna, daga baya muka koma unguwar Ka'akiyya. A shekarun da kasuwa ta yi masa kyau ya riƙa zuwa Landan neman magani, har ya sayi wani ɗan gida mai ɗaki biyu a can. Wanda ya ba shi shawara ya ce kada ya sa sunansa a gidan. Aka buɗe masa kamfani a wani tsibiri da ko a taswira sai an lalubo shi, kamfanin ya mallaki gidan, Baba ya mallaki kamfanin. A lokacin, in mai irin wannan kamfani ya rasu, hukumar Ingila ba ta taɓa gidan da harajin gado. Daga baya dokar ta canza, suka ce su gidan suke kallo, ba takardar da aka lulluɓe shi da ita ba. Mu a nan ba mu san wani abu wai shi harajin gado ba. Mutum ya rasu, a je a fitar da takardar magada, kowa ya karɓi abin da Allah ya yanka masa. Shi ya sa babu wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci sai bayan da aka rufe Baba.

Mai kula da gidan wani dattijo ne Bakano da ya daɗe a Ingila, muna kiransa Baffa ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba. A Muzdalifa suka haɗu da Baba a wani hajji tun kafin a haife ni. Motarsu Baffa ta tafi ta bar shi, Baba ya ji yana ta faɗa shi kaɗai da Hausa, ya matsa masa a kan tabarmarsa. Tun daga nan suka ƙulla. Makullan gidan suna hannun Baffa, shi ke hulɗa da masu haya, shi ke zuwa wajen lauya in ana bukatar wani abu, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Bai san kowa a danginmu ba sai Baba, kuma Baba kaɗai ke da lambarsa.

Yayana ne ya ciro wayar daga aljihun. Na yi mamakin ganin ta buɗe masa, domin da ɗan yatsan Baba take buɗewa. Ya ce tun a asibiti ya canza mata makulli. Ban tambaye shi ko kafin rasuwar ne ko bayanta ba, kuma har yau ban tambaya ba. Saƙon murya ne daga Baffa. Muryar ta cika ɗakin, yana dariya yana cewa Bazazzagin da bai taɓa ganin Zariya ba, kwana biyu ya yi shiru, ko kuɗin turaren ne suka yi yawa har ya daina kula talakawa. Ya ce famfon banɗaki yana yoyo, ya kira mai gyara. Ya rufe da abin da ya saba rufewa da shi, Allah ya ja kwana, ya ƙara lafiya. Umma tana ɗakinta da bango ɗaya ya raba mu, a kwanakin farko na takaba. Na ji carbinta ya tsaya.

Yaya ya rufe ƙofa ya zaunar da ni. Ya ce ya bincika, in hukumar can ta ji Baba ya rasu za ta yanki kaso mai tsoka na darajar gidan, kuma ba mu da abin biya sai dai a sayar. Amma akwai hanya. In mutum ya yi kyautar dukiyarsa yana raye, ya kuma ƙara shekara bakwai a duniya, harajin ya faɗi. Kamfani ba ya mutuwa, tsibirin bai san abin da ke faruwa a Makka ba, takardar rasuwa da Larabci take kuma a aljihunmu take. Abin da ya rage kawai Baba ya sa hannu a kan takardar kyautar gidan gare mu, sannan ya ƙara shekara bakwai. Haka ya faɗa, kamar yana maganar sabunta lasisin mota. Matsala ɗaya ita ce Baffa, domin mutum ne da in ya sani a yau, gobe da safe yana ofishin lauya. Na ce masa ni ba zan iya ba. Ya ce ya ukhti, 'yar'uwata, wa ke da Turanci a gidan nan in ba ke ba, wa ya iya Hausar da za ta wuce a wajen tsoho in ba ke ba, mu Larabci ya cinye mu. Ya ce gidan nan shi ne abin da Umma za ta dogara da shi. Ya ce ba sata ba ce, namu ne muke tsarewa. Ya ajiye wayar a cinyata ya ce halas, wato magana ta ƙare. Ban ce na yarda ba, amma ban mayar masa ba.

Baba ya fi yin saƙon murya, sai dai yakan yi rubutu jefi-jefi, kuma Hausarsa da haruffan Larabci yake rubutawa, yadda mutanenmu na nan suke yi. Baffa ya yi makarantar allo, yana karantawa. Da ciwon ƙirji da maƙogwaro Baba ya kwanta, don haka ƙaryar farko ba ta yi nisa da gaskiya ba. Na rubuta cewa an yi mini aiki a maƙogwaro, likita ya hana ni magana. Kafin in aika, na zauna na karanta duk abin da Baba ya taɓa rubutawa a wayar, kamar mai shirin jarrabawa. Na lura da inda yake tsallake wasali, da yadda yake cusa ɗayyib, wato to madalla, a tsakiyar zance, da cewa bai taɓa sa alamar tambaya ba. Na koyi tsokanarsa. Na rubuta wa Baffa cewa Bakanon Turai, sanyi ya daskarar masa da ƙwaƙwalwa, famfo ma sai ya kawo ƙara Makka. Bai jima ba ya aiko da dariya har yana tari. Ya ce alhamdu lillahi, tunda bakin nan bai mutu ba, mai shi ma yana nan daram. Ya yi addu'ar Allah ya ja kwana.

Daga ranar wayar ta koma ɗakina. Ina caja ta kamar yadda ake ba majinyaci magani a kan lokaci. Takardun kyautar suka zo, na yi ta gwada sa hannun Baba a bayan tsofaffin takardun makaranta har na ƙware. Yaya ya duba ya ce wallahi ko Baba bai kai ni iya sa hannun Baba ba, ya yi dariya, ni ban yi ba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, bayan wani lokaci rubutuna na kaina ya fara karkata hagu irin na Baba. Wata malamarmu ta mayar mini da aikina ta tambaye ni ko wani ne ya rubuta mini.

Wayar ma ta san shi fiye da yadda na zata. In na rubuta kalma ɗaya, sai ta jero mini waɗanda ya saba biyo ta da su a saman haruffa. Na san yadda abin yake aiki, na san ba wani abu ba ne illa abin da ya yi ta rubutawa a watannin jinyarsa. Duk da haka, duk lokacin da na fara jimla da na, kalmar da take fara miƙo mini ita ce gaji. Ina so in rubuta na gode, ko na ji, sai ta ce na gaji. Wata rana da rana tsaka, gidan shiru, na'urar sanyi kaɗai ke ƙugi, na bi abin da take miƙo mini ba tare da na zaɓa ba, don in ga inda za ta tsaya. Ta tsaya a kan na gaji ina so in kwanta. Na goge, na kifa wayar, na fita tsakar gida na tsaya cikin zafin rana har fatata ta fara zafi.

Umma ba ta taɓa tambayata ba. Ta gama takabarta, ta cire kayan, amma in muryar Baffa ta tashi daga ɗakina sai in ga inuwar ƙafafunta a ƙarƙashin ƙofa. Tana tsayawa ta ji ana gaida mijinta, ana tambayarsa ya jiki, ana ce masa ya gaida uwargida. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, jiya na yi mata magana da muryar da ba tawa ba. Na ce wace magana. Ta ce na ce mata ɗayyib, Allah ya kai mu, kuma na ja ƙarshen yadda shi yake ja. Ban tuna na faɗa ba.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne a bakin ƙofarmu. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta tare ni ina dawowa daga makaranta, ta ce ta yi mafarkin Baba, ta ce Allah ya jiƙansa. Na buɗe baki in ce amin, sai na ji na ce yana gaishe ki. Ta dube ni, ta kama hannuna ta yi ta tofa mini addu'a. A ranar na gane cewa na daɗe ban roƙa wa Baba gafara ba. Ba da gangan na daina ba. In na ɗaga hannu bayan salla, sai in ji kamar ina yi wa mai rai addu'ar matattu, kalmar ta maƙale. A Harami, bayan kusan kowace salla ana kiran sallar gawa, ba a faɗin sunan kowa, haka aka yi wa Baba a cikin wasu. Da can nakan tashi in bi. Yanzu sai in zauna ina kallon ƙafafun mutane, wayarsa tana jakata, da ɗuminta a jikin cinyata.

Sai na fara lissafin da ban taɓa yi ba. Baffa mutum ne mai yawan ibada, ya yi ritaya, yininsa a masallaci yake. Ya sha faɗa a saƙonninsa cewa ba ya sujadar ƙarshe bai ambaci amininsa ba. Duk wannan addu'ar tana tafiya ne a kan lafiyar maƙogwaron da ƙasa ta riga ta ci, da tsawon kwanan da ya riga ya ƙare. Mutumin da ya fi kowa son Baba a bayan iyalinsa bai taɓa cewa Allah ya gafarta masa ba, kuma ni ce na tsaya a tsakani. Ga gadon gidan ma ba a raba ba, domin a takardun can babu mamaci. Na kai wa Yaya wannan magana. Ya ce in daina waswasi, addu'a ai Allah ya san inda zai kai ta, kuma saura shekara shida.

Ana cikin haka matar Baffa ta rasu. Ya aiko da saƙo muryarsa tana karyewa, ya ce ba shi da wanda zai faɗa wa ya ji sanyi sai Baba. Na zauna na rubuta masa ta'aziyya da bakin mahaifina, mamaci yana yi wa mai rai gaisuwar mutuwa. Ya roƙi Baba ya yi mata ɗawafi. Na je na yi, na dawo na rubuta na yi, wayar ta miƙo mini kalmarta ta gaji, na ture. Ya amsa da cewa yanzu burinsa ɗaya, in tasa ta zo ta same shi a Makka, Bazazzagi ya tsaya a sahun gaba, in ya so ya yi masa tsiya daga baya. Bayan wata biyu ya ce ya yanki tikitin umara. Ya ce ba sai Baba ya yi magana ba, su zauna kawai su kalli juna, ya ga yadda tsufa ya yi da shi.

Yaya ya ce in rubuta cewa an wuce da Baba Masar ganin likita, ba a san ranar dawowa ba. Na rubuta, na bi shi harafi harafi kamar kullum, ban aika ba. Ranar da Baffa ya sauka ya turo sunan masaukinsa a Misfala. Bayan azahar na sa abayata na hau mota ban faɗa wa kowa ba. Ni da ko mai shago ba na iya yi wa ciniki, na shiga zauren masaukin da ke cike da baƙi da jakunkuna. Na gane shi da tarinsa. Ɗan siriri ne, ya fi muryarsa tsufa, kansa sabon aski, yana zaune a kujerar da ke kallon ƙofa da leda a gefensa. Na tsaya kusa da shi na kasa sallama. Ya sunkuya yana latsa wayarsa da yatsa ɗaya, ya kai ta bakinsa ya ce ga shi fa ya iso, in Bazazzagi yana jin tsoron biyan kuɗin shayi ne ya fito, shi zai biya. Ya aika saƙon. Jakata ta yi ƙara.

Ya ɗago ya dubi jakar, sannan ya dube ni. Na ciro wayar na ɗora a kan teburin da ke gabansa, na durƙusa. Ban san yadda na jero maganar ba. Na ce masa Baffa, Baba ya rasu tun bara, ni ce nake amsa masa. Ya tambaye ni tun yaushe a bara. Na ce tun kafin ranar famfo. Ya dubi wayar da ke kan teburin. Sai ya yi salati a hankali, ya tambayi ta'aziyyar matarsa wa ya rubuta, na ce ni. Ɗawafin fa, na ce na yi shi da gaske. Ya gyaɗa kai. Ya tura mini ledar da ƙafarsa, ya ce zuma ce da maganin maƙogwaro, in kai wa mahaifiyata ko za su yi wa wani amfani.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Baffa ya ce ba zai kai ƙarar kowa ba, amma ba zai ƙara riƙe makullin ƙarya ba, ko mu faɗa wa lauya ko shi ya faɗa. Muka faɗa. Aka warware kyautar, aka sayar da gidan, aka biya harajin da tarar jinkiri a kai, kuma lauyan ya ce mu gode wa Allah da muka kai kanmu kafin a zo nemanmu, domin sa hannun da na yi laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Abin da ya saura aka raba yadda shari'a ta ce. Yaya ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata, yanzu yana amsawa a taƙaice. Umma ce ta karɓi wayar, ta bar cajinta ya ƙare, ta sa ta a cikin kayan Baba.

Ina kira ga duk wanda mahaifinsa ke da gida a wata ƙasa da sunan kamfani, ku zauna da shi tun yana raye ku nemi masani na gaskiya ya faɗa muku abin da zai biyo bayan rasuwarsa, domin dokar da aka sayi gidan a ƙarƙashinta ba lallai ita ce ke aiki yau ba. In kuma mutuwar ta riga ta zo, ku bari ta zo. Kada wani ya ce muku takarda ce kawai. Ni ma haka aka ce mini, kuma takardar ba ta tsaya a takarda ba, ta shiga hannuna da bakina da sallata. Ga 'yan'uwana masu shiru irina, ku sani rashin cewa a'a shi ma amsa ce, kuma mu ake nema da irin wannan aiki don an san ba za mu yi gardama ba.

Kafin Baffa ya koma, wani maƙwabcinmu ya raka shi maƙabarta. Ya dawo ya ce an nuna masa fili ne kawai, babu suna a kan kowa, ya tsaya ya yi wa duka sallama. Ranar tafiyarsa ya zo yi wa Umma gaisuwa, ya zauna a falo a inda Baba yake zama ba tare da ya sani ba. Da zai fita na bi shi har bakin ƙofa, na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na tambaye shi ko ya yafe mini, kuma ko akwai abin da zan yi in gyara. Ya daɗe yana neman takalminsa da ƙafa kafin ya amsa.

"Nawa na yafe, 'yata, tun a masauki. Turawa kuma an biya su. Amma na yi shekara ina roƙa wa abokina tsawon kwana yana cikin kabari, ban nema masa gafara ko sau ɗaya ba. Ni tsoho ne, ban san ko zan kai in rama ba. Ke kika ci wannan bashin, ke za ki biya. Ki fara yau."